Kujerar Baba Yohanna

Akwai ranakun aiki da mutum ke mantawa da su tun kafin ya wanke hannu. Akwai kuma wadda ba ta sakin mutum. Tawa, wadda ban taɓa mantawa da ita ba, wata Talata ce cikin watan Afrilu, shekara uku bayan na ajiye alli, ranar da na ɗauki sifana lamba goma na goge wa wata baiwar Allah abu na ƙarshe da mijinta ya saita da hannunsa. Shugabannin ƙungiyarmu ta masu gyaran lantarkin mota a Kafanchan sun ce kowane dattijo ya rubuta wa na baya darasi guda. Abokaina sun rubuta nasarorinsu. Ni na zaɓi kuskure, don ya fi koyarwa, kuma a wurina ya fi sauƙin samu. Sunayen mutanen na sauya su.

Ga wanda bai san ni ba, shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyar da lantarkin mota a wata makarantar koyon sana'a. Da na yi ritaya na kafa rumfa a hanyar Kagoro, saboda zaman gida ya nuna mini ba mu dace da juna ba. Tsofaffin ɗalibaina har yau Tica suke kirana, iyayensu ma haka. Darasin farko da nake ba kowane aji, tun kafin su iya rubuta sunan altaneta, shi ne: kafin ka taɓa waya, cire kan batir. Na faɗe shi sau dubu, na rubuta shi a allo da manyan baƙaƙe, na kuma ja kunnen wanda ya manta. Darasi ne mai kyau, ya ceci yatsu da motoci masu yawa. Sai dai ban taɓa gaya musu abin da ya kamata ya zo kafinsa ba, domin ni ma ban sani ba.

Bari in ɗan koma aji saboda wanda ba ɗan sana'a ba. Batir randa ne. Altaneta kuwa famfo ce, amma famfon da ba ya zuba sai inji yana aiki. In mota tana tafiya, ka kunna rediyo, ka kunna fanka, ka ɗaga gilashi ka sauke, ka matsar da kujera da maɓalli, duk daga famfo suke sha, randa tana nan cike. In inji a kashe yake, kowane ɗayansu daga randa yake ɗiba. Kujera da gilashi kurɓi ɗaya suke yi su ajiye moɗa. Rediyo tana tsotsa a hankali. Fanka ce mai haɗama. Tayar da inji kuma shi ne babban kwankwaɗa. Wannan ke nan duk amsar tambayar da ake yi mana kullum, wai ko kayan lantarkin mota suna cinye batir. Ya danganta da ko famfo yana zuba.

Da safiyar Talatar ne waya ta yi ƙara. Bulus ne, tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake aiki a Abuja.

"Tica, motar Baba ce," in ji shi. "Sau uku ke nan batir yana mutuwa a wata ɗaya, sai an jawo wuta daga motar maƙwabci. Kuma motar ko ƙofar gida ba ta fita. Don Allah ka duba, in sabon batir ne in turo."

Na san motar, na kuma san mai ita. Baba Yohanna tsohon ma'aikacin reluwe ne, dogo ƙwarai, irin mutanen da sai sun sunkuya a ƙofar coci. Bulus ne ya saya masa motar, 'yar Kwatano, tsohuwa amma ta manya, mai kujerar da ke matsawa da lantarki. Shekaru ina ganinsu duk ranar Lahadi bayan sujada suna wuce rumfata, shi yana tuƙi kamar mai jan jirgin kaya, matarsa Mama Saratu a gefensa da ɗankwalinta na zumuntar mata, ya yi mini hon sau biyu. Ya rasu a watan Nuwamba, lokacin tonon citta. Danginsa suka yanke cewa motar ba za ta fita ba sai an yi addu'ar shekara, 'yan'uwa sun zauna an san wanda za ta koma hannunsa. Sai aka ajiye ta ƙarƙashin mangwaron tsakar gida.

Na ɗaure ƙaramin batirin da nake yawo da shi a bayan mashin, na isa wajen ƙarfe goma. Mama ba ta nan, ta tafi koyon waƙa a coci. Rifkatu na tarar, autarsu, wadda ke aikin jinya a wani asibiti, tana shirin fita aikin rana.

"Tica, ni kam na gaji," ta ce. "Kullum safe sai na ɗumama ta, ban taɓa fashi ba. Minti biyar cif, kamar yadda Baba yake yi."

Ɗumama mota al'adarmu ce, ba na jin akwai gidan mai mota a kudancin Kaduna da ba a yin ta. A tayar da inji da sassafe, a taka totur sau uku don maƙwabta su shaida, a kashe, a tafi da zuciya ɗaya cewa an ba batir abinci. Na yi mata bayani cewa minti biyar a tsaye da ƙyar yake mayar da abin da tayarwar ta kwankwaɗa. Babanta yana ɗumamawa ne sannan ya fita, tafiyar ce take cika randa. Ta ce ai ita ba a gaya mata kashi na biyu ba.

Tana miƙa mini makulli sai ta ɗan tsaya, ta rage murya.

"Akwai wani abu kuma, ban faɗa wa kowa ba. Ka san ni gajeruwa ce, in zan ɗumama sai na jawo kujera gaba. Amma kullum da safe sai in tarar ta koma baya. Can baya, inda Baba yake zama."

"Kullum?"

"Kullum. Ni ma'aikaciyar asibiti ce, Tica, ban yarda da irin waɗannan maganganu ba. Amma dai kafin in buɗe ƙofar ina yin addu'a."

A nan ne ya kamata in ajiye jaka in yi tambaya. Maimakon haka na yi abin da malami ke yi in an kawo masa abin da bai gane ba, na ba shi suna. Na ce mata wataƙila waya ce ta goge a ƙarƙashin kujera take taɓa ƙarfe, kuma ga ɓarawonmu nan mun kama. Ɓarawo a bakinmu shi ne duk abin da ke shan wuta a ɓoye bayan an kashe mota. Ta ji daɗin bayanin, ni ma na ji daɗinsa. Ta hau acaɓa ta tafi.

Na bi tsarin aiki yadda na koyar da shi. Na ɗora mita a kan batir, ya nuna ƙasa da sha biyu kaɗan, wato ya raunana amma bai mutu ba. Na jona nawa na tayar da inji, mita ta haura sha huɗu, altaneta lafiyarta lau. Kujerar tana gaba inda Rifkatu ta bar ta, ni kuma da yake tsawona bai wuce nata da komai ba, ban ga abin gyarawa ba. Na kashe. Na ɗauko sifana na kwance kan batir, na sa mita tsakani don in ga ko akwai abin da ke sha. Babu. Na zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, na leƙa ƙarƙashin kujera da tocila, wayoyi tsaf kamar ranar da aka ɗaura su. Mota ba ta da ɓarawo. Sai na ciro batirin gaba ɗaya, na kai shi rumfa na ɗora a injin caji, na ci tuwona, na yi azahar, ina ta mamakin randar da ke ƙarewa ba ta da tsaga.

Da la'asar na dawo na mayar da shi. Mama Saratu tana zaune a baranda tana ɓare gyaɗa. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya karo na biyu, ta kawo mini kunun zaƙi.

"Tica, ka gama da motan?"

"Na gama, Mama. Batir ya ƙoshi. Abin da ke cinye shi ne ban gano ba tukuna."

Ta dubi inuwar mangwaro kamar mai duba agogo, ta karkaɗe zani, ta karɓi makulli daga hannuna. Ina tattara kayan aiki ina kallonta ta gefen ido. Ta buɗe ƙofar direba, ta sa makulli ta murɗa rabi, yadda fitilun gaban sitiyari za su kama ba tare da inji ya tashi ba. Sannan ta kai yatsa jikin ƙofar, inda akwai ƙananan maɓallai masu lamba ɗaya da biyu, ta danna na ɗaya, ta ja da baya taku guda kamar mai ba wani hanya.

Kujera ba ta motsa ba.

Ta sake dannawa. Ta danna ta riƙe. Ta goge yatsan a zani ta kuma dannawa. Agogon mota yana ta ƙifta sha biyu, rediyo sai shuu take yi babu tasha.

"Tica," ta ce, ba ta juyo ba. "Bai koma ba."

Jikina ya ba ni amsa kafin kaina. Irin waɗannan motoci suna riƙe zaman direba. Mutum ya saita kujera daidai jikinsa, ya adana a lamba, duk wanda ya ɓata, da an danna sai ta koma. A sababbin motoci ko an cire batir abin yana nan. A wannan tsohuwar kuwa, ɗan zaren wuta ne ke riƙe da shi. Batir mai rauni, ko ya kasa tayar da inji, yana iya ciyar da wannan zare, shi ya sa mutuwarsa uku ba ta taɓa shi ba. Sai da ƙwararre ya zo ya cire kan batir.

Na tambaye ta, a makare, abin da ya kamata in tambaya tun safe. Ta zauna a bakin kujerar ta gaya mini, muryarta ba hawa ba sauka. Duk la'asar, in Rifkatu tana wurin aiki, gida ya yi shiru, sai ta zo ta danna. Kujera ta ja baya, ta sauka ƙasa, ta kwanta kaɗan, madubin gefe ya juya. Sai ta zagaya ta shiga wurinta, ta sauke gilashi, ta kunna fanka saboda zafi, ta kunna tashar da yake saurare, ta zauna har a gama labarai da gaishe-gaishe. Awa ɗaya, wata rana biyu.

"Ba hauka nake yi ba," ta ce. "Na sani yana wurin Ubangiji. Rigunansa an raba, takalmansa ƙannensa sun ɗauka, gado ma an juya katifa. Amma wannan, in na danna, yana buɗe wuri daidai tsawonsa. Babu wani abu a gidan nan da ya san tsawonsa kuma."

Na ce, "Mama, ni na goge shi. Da na cire kan batir ne. Ki gafarce ni."

"Ba za a iya dawo da shi ba?"

Da ƙaramin ma'aikaci ne ni, da na ce za a iya, in danna nan in danna can in ce ga shi. Na gaya mata gaskiya. Saitin da ya yi ya tafi, ba ya cikin motar kuma. Abin da za mu iya shi ne mu nemi wurin da kanmu, mu adana sabo.

Na durƙusa da tocila. Mota ba ta ɓoye mai ita ga wanda ya san inda zai duba. Ƙarafan da kujera ke gudu a kai sun yi ƙura da tsohon giris, amma can baya akwai inda ƙurar ta tsaya cak, iyakar da kujera take kaiwa shekara da shekaru. Na mayar da ita can. A shimfiɗar ƙasa, gaban totur, dunduniyarsa ta ci rami. Tsayi ma bai ba ni wahala ba, mutum irinsa dole ya sauke ta har ƙasa, in ba haka ba kansa ya taɓa rufi. Saura kwanciyar baya, ita kuwa ba ta barin alama a ƙarfe.

"Mama, sai ke. Shiga wurinki."

Ta zagaya ta shiga. Ni na hau kujerar direba, ƙafafuna suna lilo, ko birki ban kai ba. Ta dube ni sama da ƙasa, sai dariya ta kuɓuce mata, ta farko tun zuwana.

"Kai Tica, kamar an ɗora tulu a kan dutsen Kagoro."

"Haka Allah ya yi ni, Mama. Na ji ana rabon tsawo, na tsaya gyaran fiyus."

Na fara kwantar da bayan kujerar kaɗan kaɗan. Ta ce ƙara. Ta ce ya yi yawa. Ta ce dawo. Muka yi ta yi har ta rikice, ta ce idonta yana ruɗinta, ko'ina kamar shi ne, ko'ina kuma ba shi ba. Na cire hannu daga maɓalli.

Can sai ta ce, "Tsaya. In muna gangaren hanyan Kagoro yana son gudu. Ba na magana, don in na yi magana zai ce shi da ya ja jirgi. Hannu kawai nake sa masa a kafaɗan kujera, sai ya rage."

Ta gyara zama, ta dubi gaba kamar akwai hanya a bayan katangar gidan, ta rufe ido, ta miƙa hannun hagu. Ya faɗa a iska, tazarar yatsu huɗu gaban kujerar. Na ce kada ta motsa. Na ɗago bayan kujerar a hankali, injinta yana ɗan gurnani, har fatar ta zo ta sami tafin hannunta. Ta janye hannun, ta ajiye a cinya, ta sake miƙawa ido a rufe. Ya sauka daidai. Ta yi haka sau uku.

Na danna maɓallin adanawa, na danna lamba ɗaya, motar ta yi ɗan ƙara alamar ta karɓa. Na sauka, na jawo kujera gaba har ƙarshe, na ce ta gwada. Ta zagayo ta danna. Kujera ta ja baya, ta sauka, ta kwanta. Mama ta tsaya tana kallo har kujerar ta daina motsi.

"Ya kusa," ta ce. "Allah ya sāka maka. Ya kusa sosai." Ta shafa kan kujerar. "Wancan dai shi ya sa da hannunsa."

Ban yi gardama ba, don babu abin gardama. Na nemo mata tashar, na gyara agogo.

Kafin in tafi ta roƙe ni abu ɗaya, kada in gaya wa Bulus. In ya ji zai ce kaɗaici ya yi mata yawa, ya zo ya kwashe ta zuwa Abuja, inda ba ta san kowa ba sai mai gadi. Washegari na kira shi na ba shi rahoto irin na ma'aikaci: batir lafiya, altaneta lafiya, babu ɓarawo, mota ce ba ta tafiya, randa ba ta samun famfo. Duk gaskiya ne, ban dai cika ta ba. Na ce ya turo ƙaramin faifan sola, na ɗora shi a kan rufin baranda, na ja waya zuwa batir. Rifkatu kuwa na gaya mata ta daina ɗumamawar minti biyar, ta bari sai ranar Asabar ta bar injin ya yi rabin awa. Ta tambaye ni zancen kujera. Na ce ta tambayi mamanta. Na ji daga baya cewa ranar da ba ta da aikin rana, takan shiga kujerar baya su ji labarai tare.

Mama Saratu ta rasu bara, shi ya sa na ga bakina ya buɗe.

Ga abin da nake so ku ɗauka, ku na baya. Na farko na hannu ne: kafin ka cire kan batir a motar da ke riƙe saiti, jona mata wata wutar da za ta riƙe shi, ƙaramin batir ya isa. Nawa kuwa, da na gama tayar da inji da shi, na mayar da shi bayan mashin, taku biyar daga inda nake. Na biyu ya fi wuya. In batir yana ƙarewa, mita ta ce babu ɓarawo, to ba waya ba ce, mutum ne. Wani yana zama a motar nan tana tsaye. Na ga mai gudun hayaniyar gida, na ga mai cajin waya don ba wuta, na ga mai jiran kira da ba ya son a ji. Kada ka tambayi wanda ya kira ka kaɗai, shi sau da yawa yana nesa. Tambayi wanda yake wuni a gidan, kuma ka tambaya kafin ka buɗe jaka. Mu an koya mana mota abin tafiya ce. Mutanenmu kuwa suna ajiye abubuwa a cikinta da ba a rubuta a littafin kamfani ba.

Bayan addu'ar shekara motar ta koma hannun ƙanen marigayin, wani manomi a Zonkwa. Kwanakin baya ya kawo mini ita fitila ɗaya ta mutu, but ɗin baya cike da buhunan citta. Shi ma ba dogo ba ne. Na jona ƙaramin batirina kafin in taɓa komai, ya tsaya yana kallona, ya ce ashe na san halinta. Da zai tafi na ga ya danna lamba biyu, kujera ta matso gaba. Na ce ai ta ɗaya ta fi kusa da hannu.

"A'a, Tica," ya ce, yana murɗa makulli. "Ɗaya na Yaya ne."